Nazari: Inda Masu Ƙera Akwatin Wasan Bidiyo Suka Dosa

Kamfanoni uku ne suka mamaye kasuwar akwatin wasan bidiyo ta duniya, watau Sony da Nintendo na ƙasar Japan, da kuma Microsoft na Amurka. Al'adar wannan ciniki ita ce a sayar da akwatin da riba kaɗan, wani lokaci ma a kan faɗuwa, sa'an nan a fanshe ta wajen wasanni, domin mai akwatin yakan karɓi kimanin kashi 30 cikin 100 na kuɗin wasan da aka saya a kantinsa na intanet. Wanda bai tara masu saye da wuri ba kuwa yakan durƙushe, kamar yadda Sega ya bar ƙera akwati a 2001.

Ga dukkan alamu, hankalin kamfanonin ya fara tashi daga kan akwatin, ya koma kan kuɗin wata-wata. Microsoft ya ɓullo da tsarin Game Pass a 2017, inda mutum ke biyan kuɗi kowane wata ya sami ɗimbin wasanni. A watan Oktoba na 2023 ya saye kamfanin Activision Blizzard a kan dala biliyan 69 ko kusa da haka, kuma a 2024 ya soma sakin wasu wasanninsa a kan PlayStation, akwatin abokin hamayyarsa. Shi ma Sony ya kai wasu nasa kan kwamfuta tun 2020. Nintendo ne kaɗai ya tsaya kan tsohuwar hanya: bayan ya sayar da Switch fiye da miliyan 150, ya fito da Switch 2 a watan Yuni na 2025.

Abin lura a nan shi ne farashi. A da akwati kan yi araha idan ya kwana biyu a kasuwa, amma Sony ya ƙara wa PlayStation 5 kuɗi a ƙasashe da dama a 2022. Samfurin Pro na 2024 kuwa ya fito a kan dala 700, kuma babu ma'ajiyar faifai a jikinsa.

Wannan batu na faifai shi ya fi shafar garuruwa irin su Kajuru da Kafanchan. A nan yawanci ba a ajiye akwatin a ɗaki. Jari ne na masu gidajen gem, inda samari ke biyan kuɗin kowane wasan ƙwallo, akasari a kan akwatunan gwanjo da wutar janareta. Mai irin wannan shago yana iya sayen faifai na hannu, ya yi musayarsa, ko ya sayar idan ta ɓaci. Wasan da aka sauke daga intanet ba ya sayuwa, ga cin data, ga shi ana biyansa da kuɗin waje. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, aka kuma saki naira a watan Yuni, har dala ta haura naira 1,500 a 2024, kuɗin mai da na kaya suka haɗu a wuyansa, alhali ba ya iya tsawwala wa yaran unguwa.

Kamfanonin dai sun fi hango kasuwar Afirka ta wayar hannu. A watan Janairu na 2024 asusun zuba jari na Sony ya sa kuɗi a Carry1st, mai buga wasannin waya a Afirka ta Kudu.