Darasi: Yadda Ake Gwada Ganyen Magani a Kan Sankarar Jini

'Yan'uwa manoma, akwai wani fure da yawancinmu mun saba gani a ƙofar asibiti ko a harabar makaranta. Ganyensa kore ne mai sheƙi, furensa fari ko ja-ja, ya rabu gida biyar, ba ya kuwa tsoron rani. Turawa suna ce da shi feriwinkil, asalinsa daga tsibirin Madagaska ne. Daga wannan fure aka sami magunguna biyu na ciwon daji. Muna so mu bi yadda aka same su, domin mu san abin da za mu ce ran da wani ya zo kasuwa da kwalba yana cewa masana sun gwada ganyensa, yana kashe sankara.

Da fari, mece ce sankarar jini? A cikin ɓargon ƙashi ake yin jini. Wani lokaci fararen ƙwayoyin jini, waɗanda aikinsu yaƙi da cuta ne, sukan lalace, su yi ta hayayyafa ba tsayawa, ba su kuwa tsinana kome. Sai su cika ɓargo, su hana jini mai kyau wuri, kamar yadda ƙuduji kan cinye gonar dawa. Ita ce ciwon dajin da ya fi kama yara a ƙasashe da yawa.

A shekarar 1952 wani likita a tsibirin Jamaika ya aika da ganyen furen nan zuwa Kanada, domin mutanen can suna dafa shi su sha saboda ciwon sukari. Ganyen ya kai hannun Dokta Robert Noble na wata jami'a a lardin Ontariyo. Ya gwada a kan dabbobi, sukarin jininsu bai sauka yadda ake zato ba. Da ya yi wa ɓeraye allurar ruwan ganyen, sai suka kamu da cuta suka mutu. Wani da ya zubar da aikin ke nan. Shi kuwa ya duba jininsu, ya tarar fararen ƙwayoyin sun kusa ƙarewa. Sai ya yi tunani: abin da ke rage fararen ƙwayoyi a jikin mai lafiya, watakila ya rage su a jikin mai sankarar jini. Abokin aikinsa, Charles Beer, ya yi ta tace ruwan ganyen har ya ware sinadarin da ke wannan aiki, aka ba da labarinsa a 1958, aka sa masa suna binbilastin. A Amurka kuma ma'aikatan kamfanin Eli Lilly suka gwada ganyen a kan ɓeraye masu sankarar jini, suka ware na biyu, binkiristin, wanda hukuma ta yarda a ba mutane a 1963.

Ku lura, ganyen da aka kawo don ciwon sukari, maganin wata cuta dabam aka samu a cikinsa. Sanin tsofaffi ya nuna wa masana inda za su duba, amma gwaji ne ya faɗi abin da ke ciki.

To, yaya ake gwajin? Duk wanda ya taɓa ganin malamin gona yana gwada sabon iri zai gane. Yakan ware fili biyu, ɗaya da sabon iri, ɗaya da na gida, ƙasa ɗaya, taki ɗaya, sa'an nan a auna amfanin kowanne. Haka a ɗakin bincike. Ana shanya ganye ko saiwa ko ɓawo a inuwa, a niƙa, a jiƙa cikin ruwa ko wani sinadari, a tace, a busar da abin da aka tace domin a iya auna nauyinsa. A dā ɓeraye ake sa wa sankarar jini, a ba wasu maganin, a bar wasu, a ƙidaya kwanakin da kowanne ya yi da rai. Yanzu galibi da ƙwayoyin cutar kansu ake farawa, waɗanda aka ɗebo daga jinin majiyyata tun shekaru da dama ana renonsu cikin kwalabe. Ana zuba su cikin wani faranti mai ƙananan ramuka 96. Wasu ramuka a ɗiga musu magani kaɗan, wasu da yawa, wasu a bar su haka nan don gwadawa. A ajiye farantin cikin ɗumi irin na jikin mutum kwana biyu ko uku. Sa'an nan a zuba wani rini mai ruwan ɗorawa. Inda ƙwayoyin ke da rai, rinin yakan koma shunayya. Inda suka mutu, ya zauna yadda yake. Da haka ake sanin yawan maganin da ke kashe rabin ƙwayoyin.

A nan ne mai kwalbar kasuwa yake tsayawa, a nan kuwa aikin ya fara. Ko gubar ɓera aka ɗiga cikin ramin nan, ƙwayoyin sankara za su mutu. Maganin ciyawa da ya ƙone ƙuduji ya ƙone dawa, wa zai saye shi? Saboda haka sai a sake gwadawa a kan ƙwayoyi masu lafiya, sa'an nan dabbobi, sa'an nan mutane kaɗan da suka yarda, likitoci suna lura da hanta da ƙoda. Daga 1960 zuwa wajen 1982 hukumar binciken ciwon daji ta Amurka ta gwada ruwan tsire-tsire fiye da dubu ɗari. Waɗanda suka zama magani ba su taka kara sun karya ba. Ɗaya daga cikinsu, Taxol, an ɗebo ɓawon itacensa a 1962, ba a yarda a ba majiyyata ba sai 1992.

Kada wani ya ce zai dafa furen ƙofar gidansa ya ba yaro. Sai an tara busasshen ganye wajen kilo 500 kafin a sami giram ɗaya na binkiristin, sauran abin da ke cikin ganyen kuwa akwai mai guba. Shi kansa binkiristin ta jijiyar jini kaɗai ake ba da shi, a kan awo, yana kuma iya sa hannu da ƙafa su yi sanyi ko su mutu. Aikinsa shi ne hana ƙwayar cuta rabuwa gida biyu. Ba ya warkarwa shi kaɗai, sai an haɗa da waɗansu magunguna har wajen shekara biyu. Da wannan haɗi, a ƙasashe masu isassun asibitoci, wajen yara tara cikin goma masu irin sankarar jinin da ta fi yawa suna rayuwa, alhali a farkon shekarun 1960 ko ɗaya cikin goma ba ya kaiwa. Yana kuma cikin magungunan ciwon dajin nan mai kumbura muƙamuƙin yara a ƙasashenmu masu zazzaɓin cizon sauro.

In yaro ya ɗashe, zazzaɓi ya ƙi jin magani, yana haɓo ko dasashi na jini, yana kukan ciwon ƙashi, kaluluwa ta fito masa a wuya ko hammata, a kai shi babban asibiti a auna jininsa. In ƙungiya tana da asusun taimako, kuɗin mota yana cikin abin da aka tara shi dominsa. A kuma gaya wa likita duk jiƙon da yaron ya sha, in da hali a tafi da ganyen a nuna masa.