Darasi na 14: Firji Ya Daina Sanyi

Ku karanta wannan bayani a tsanake, sannan ku yi aikin da ke ƙarshensa.

A unguwarmu akwai wata baiwar Allah mai sana'ar zoɓo da kunun aya da ƙanƙara. Da ribar wannan sana'a take biya wa 'ya'yanta kuɗin makaranta, jarinta kuwa bai wuce firji guda ɗaya ba. Wata rana cikin bazara ta wayi gari ta tarar ƙanƙara ta narke, kunu ya yi tsami. Ta aika aka kira mai gyara. Da zuwansa, ko bayan firjin bai leƙa ba, ya ce, "Hajiya, ai gas ne ya ƙare." Ya zuba gas, ya karɓi kuɗi, ya kama gabansa. Ba a yi mako uku ba firji ya sake daina sanyi.

Wannan karon wani dattijo aka kira. Ya daɗe yana dube-dube, ya cusa iska a cikin bututun, ya bi shi yana shafa ruwan kumfa. Can sai ga kumfa tana tasowa daga wani ɗan rami kamar bakin allura. Ya ce, "Hajiya, da me kike ɓamɓare ƙanƙara idan ta taru?" Ta ce, "Da wuƙa, Malam." Ya ce, "To, wuƙar ce ta ja miki."

Kafin mu gane abin da dattijon nan ya gano, sai mun san yadda firji yake aiki. Firji ba ƙirƙirar sanyi yake yi ba, zafin da ke ciki yake kwasowa ya zubar a waje. Ku tuna da randa. Ruwan da ke tsattsafowa ta jikinta yana bin iska, ya tafi da zafi, shi ya sa ruwan ciki yake yin sanyi. Da wannan hikima ce wani malami daga Jihar Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa dabarar sanya tukunya cikin tukunya, a cike tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi don adana kayan lambu, har ya sami kyautar Rolex a shekarar 2000. A firji kuwa gas ne yake yin aikin ruwan. Injin da ke ƙasa ta baya, wanda masu gyara suke kira kwamfireso, shi yake matse gas ɗin ya tura shi cikin siraran bututan baya. A nan yake sakin zafinsa ya koma ruwa. Daga nan ya shiga bututan ciki, ya sake zama iska, ya tsotse zafin abinci, ya komo wurin inji.

Ke nan gas ɗin firji zagayawa yake yi a rufaffen bututu. Ba ƙonewa yake yi kamar gas ɗin girki ko man mota ba. Firji yakan yi shekara da shekaru da gas ɗin da aka zuba masa tun daga masana'anta. Idan ya ragu, to akwai inda yake yoyo, kuma wanda ya ƙara gas bai toshe ramin ba, ruwa ya zuba a kwando. A ganina, duk mai gyaran da ya ce gas ya ƙare bai nuna ta inda ya fita ba, bai gama aikinsa ba.

Sau da yawa ma ciwon bai kai can ba, kuma ɗalibi irinku zai iya gano shi da ido da kunne da tafin hannu. A fara da wuta. Idan an buɗe ƙofa, ƙwan ciki yana kamawa? In bai kama ba, a gwada wani abu a soket ɗin, wataƙila firjin lafiyarsa lau. Sannan a kasa kunne. Inji mai lafiya yana yin gurnani a hankali, ya huta, ya sake tashi. In an ji ya yi "ƙas", ya yi shiru, bayan 'yan mintoci ya sake yin "ƙas", to yana yunƙurin tashi ne yana kasawa. Ko dai wuta ta yi rauni, ko 'yar na'urar da ke tayar da shi ta lalace. A zare filogi nan take, domin barinsa a haka yana iya ƙona injin, shi ne kuma mafi tsada a jikin firji.

Idan kuwa inji yana ta aiki ba hutawa amma sanyi bai kai ba, a duba robar ƙofa. A sanya takarda a bakin ƙofar, a rufe, a ja. In ta zare salin alin, robar ta saki, iska mai zafi tana shiga. Wani lokaci datti ne kawai, ruwan ɗumi da sabulu sun isa. A kuma leƙa baya. Ƙurar hunturu takan lulluɓe bututan nan har su kasa fitar da zafi. A cire wuta, a kakkaɓe su da burushi mai taushi, a kuma matsar da firjin daga bango kamar taƙi guda, nesa da murhu da hasken rana. Sanyin da ake so shi ne kimanin digiri 4 a wurin abinci, da digiri 18 ƙasa da sifiri a wurin ƙanƙara.

Sai maganar ɗauke wuta, wadda ba sai an yi wa ɗan Nijeriya bayaninta ba. Idan an ɗauke aka dawo da ita nan da nan, a bar firji ya yi kamar minti 5 kafin a kunna, domin matsin gas ɗin ya sauka. Mai hali ya haɗa shi da sitabilaiza. In kuma an daɗe ba a kawo ba, a rage buɗe ƙofa. Firjin da ba a buɗewa yakan riƙe sanyi wajen awa 4, firiza cikakkiya kuma ta kai kwana biyu. Ƙanƙara idan ta yi kauri, a kashe wuta, a buɗe ƙofa, a bar ta ta narke da kanta.

Abin da ya shafi gas da walda da wayoyin ciki aikin gwani ne, kada ku taɓa. Tsohon gas mai lamba R12 an daina amfani da shi sakamakon Yarjejeniyar Montreal ta 1987, saboda yana lalata rufin sararin sama da ke kare mu daga illar hasken rana. Yawancin sababbin firji R600a suke ɗauke da shi, shi kuwa yana kama wuta. Sunan gas ɗin kowane firji yana rubuce a takardar da ke manne a jikinsa, kuma haƙƙin mai firji ne ya tabbatar irinsa aka zuba.

Sababbin kalmomi: yoyo, tsattsafowa, ɓamɓare, gurnani, taƙi, salin alin. Ku nemi ma'anarsu, ku sa kowace a cikin jimla.

Nahawu: Ku lura da bambancin "Wuƙa ta lalata firji" da "Firji ya lalace", da kuma "Dattijo ya gyara firji" da "Firji ya gyaru". Ku yi irin wannan da narkar, fasa da toshe.

Tambayoyi:
1. Me ya sa gyaran farko bai ɗore ba?
2. Ta yaya randa ta yi kama da firji?
3. Yaya ake gwada robar ƙofa?
4. Rubuta gajeriyar hira tsakaninka da mai gyaran da ya ce maka gas ya ƙare.