Sauya Jerin Shafuka a Manhajar Tsara Littafi

1.0 Gabatarwa

Malamin Hausa na wannan zamani ba ya rasa aikin ɗab'i a gabansa. Wata rana mujallar makaranta ce, wata rana kuma ɗan littafin karatu na 'yan firamare ko jadawalin bikin yaye ɗalibai. Akasarin irin waɗannan ayyuka a kwamfuta ake tsara su, kuma da wuya a kammala ba tare da an matsar da wani shafi gaba ko baya ba. Wannan darasi zai bayyana yadda ake sauya jerin shafuka, da irin ɓarnar da ke biyo baya idan aka yi shi da gaggawa. Abin da ake son ɗalibi ya riƙe shi ne, kowane shafi a littafi yana da abokin zama, don haka taɓa ɗaya taɓa sauran ne.

2.0 Manhajojin Tsara Littafi

A shekarar 1985 kamfanin Aldus na ƙasar Amurka ya fitar da manhajar PageMaker, wadda ta ba mutum damar tsara littafi a kan teburinsa. QuarkXPress ta biyo baya a 1987. Kamfanin Adobe ya sayi Aldus a 1994, sannan ya fitar da InDesign a 1999, wadda daga bisani ta maye gurbin PageMaker. Akwai kuma Scribus, wadda kyauta ake samun ta.

Waɗannan manhajoji sun bambanta da na buga wasiƙa irin su Microsoft Word. A cikin Word, rubutu ne ke kwarara ya haifar da shafuka. A manhajar tsara littafi kuwa, shafi abu ne mai zaman kansa wanda ake iya ɗauka da duk abin da ke kansa a kai shi wani wuri.

3.0 Shafi da Tagwayen Shafuka

Idan aka buɗe littafi, ana ganin shafuka biyu suna fuskantar juna. Su ne za mu kira tagwayen shafuka. A littafin boko, shafi na 1 a hannun dama yake, shi kaɗai. Daga nan sai 2 da 3, sai 4 da 5, har zuwa ƙarshe. Ke nan shafuka masu lamba 1, 3, 5 kullum a dama suke, masu lamba 2, 4, 6 kuma a hagu. A littafin ajami ko na Larabci abin ya juya, domin ɗinkin yana dama ne, kuma shafi na 1 yana faɗawa hagu. Wajibi ne mai tsara aikin ajami ya zaɓi ɓangaren ɗinki tun kafin ya fara, a manhajar da ke ba da wannan dama.

4.0 Matakan Matsar da Shafi

Manhajojin sun yi tarayya a kan waɗannan matakai, ko da yake sunayen umarnin sun bambanta:

i. A adana kwafin aikin da wani suna kafin a taɓa komai.

ii. A buɗe akwatin da ke nuna ƙananan hotunan shafuka a jere.

iii. A zaɓi shafin da ake so, ko tagwayen duka biyu, a ja su da linzamin kwamfuta zuwa sabon wurinsu. Idan littafin yana da kauri, ya fi sauƙi a yi amfani da umarnin matsar da shafi, a rubuta lambar shafin da kuma inda ake son a ajiye shi.

iv. A bi littafin daga farko zuwa ƙarshe ana dubawa.

5.0 Abin da Kan Biyo Bayan Matsar da Shafi

Mu ɗauki misalin mujalla mai shafi 16, wadda aka shimfiɗa taswirar ƙasar Hausa a kan shafi na 8 da na 9. Sai aka kawo jawabin shugaban makaranta a makare, aka saka shi bayan shafi na 3. Nan take duk shafukan da ke bayansa za su matsa da ɗaya. Rabin taswirar zai koma shafi na 9, ɗaya rabin kuma shafi na 10, wato gaba da bayan falle guda. Mai karatu ba zai taɓa ganin taswirar a haɗe ba. Maganin wannan shi ne a riƙa ƙara shafuka ko cire su bibbiyu. InDesign kuma tana da zaɓin da ke hana tagwayen shafuka rabuwa idan an kunna shi yadda ya dace.

Akwai wasu abubuwa uku da ya kamata a lura da su. Na farko, gefen shafi na wajen ɗinki yakan bambanta da na waje a faɗi, saboda haka shafin da ya tashi daga hagu ya koma dama yana iya kai rubutu ko hoto cikin ɗinki. Na biyu, lambar shafin da manhaja ta saka da kanta za ta gyaru, amma wadda aka buga da hannu ba za ta sauya ba. Haka nan jerin abubuwan da ke ciki da kalmomi irin su "duba shafi na 12". Na uku, idan labari ya taso daga shafi na 4 ya zarce na 5, sannan aka mayar da na 5 can gaba, labarin zai bi shafin, mai karatu kuma ya rasa inda ya dosa sai an rubuta masa inda ci gaban yake.

6.0 Jerin Mai Karatu da Jerin Maɗaba'a

Yadda mai karatu ke ganin shafuka daban yake da yadda ake buga su. A ɗan littafin da ake ninkewa a ɗinke da waya ta tsakiya, kowace takarda tana ɗauke da shafi 4, biyu a gaba biyu a baya. Don haka adadin shafuka sai ya rabu da 4 ba saura: 8, 12, 16, 20. Mujallarmu da ta zama shafi 17 ke nan sai ta koma 20, ko kuma a rage ta zuwa 16. Idan za a buga kwafi 500, ƙarin takarda ɗaya a kowane kwafi ya zama takarda 500, kuma asusun makaranta ne zai biya.

A littafi mai shafi 8, takarda ta farko tana ɗauke da 8 da 1 a gaba, 2 da 7 a baya. Ta biyu tana ɗauke da 6 da 3, sai 4 da 5. A lura cewa jimillar kowane biyu 9 ce, wato adadin shafuka a ƙara 1. Da wannan lissafi ake gane ko jerin ya yi daidai. Sai dai kuskure ne mai tsarawa ya jera shafuka haka da hannunsa a cikin ainihin aikin, domin lambobi za su rikice, gyara kuma ya gagara. A bar aikin a jerin mai karatu. Manhaja ko maɗaba'a su ke da alhakin juya shi a lokacin bugu.

7.0 Kammalawa

Mun ga cewa matsar da shafi aiki ne na ɗan lokaci, amma tasirinsa yana kaiwa har shafin ƙarshe. Kafin a kunna kwamfuta, yana da kyau malami ya ninke fararen takardu ya yi samfurin littafin, ya rubuta lamba da abin da zai zauna a kowane shafi. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani, kuma gyara a kan samfuri ba ya cin ko sisi.

8.0 Auna Fahimta

1. Bayyana bambancin matsayin shafi na 1 a littafin boko da na ajami.

2. Me zai faru da hoton da ke kan shafi na 6 da na 7 idan aka cire shafi na 2?

3. Ninke takardu uku ka yi samfurin littafi mai shafi 12, sannan ka rubuta lambobin da suka haɗu a kowace fuska.