Tsarin Mai da Sarrafa Inji a Motar Ɗaukar Kaya: Nazarin Kalmomin Kanikawa a Ƙasar Gumel

1.0 Gabatarwa

Kasuwar Maigatari, wadda ke ci duk ranar Alhamis a bakin iyakar Nijeriya da Nijar, ta dogara ne da motocin ɗaukar kaya, irin su a-kori-kura da J5, masu jigilar hatsi da dabbobi daga Gumel da Gagarawa da Sule Tankarkar. Wannan maƙala ta bi hanyar da mai yake bi a cikin injin fetur, domin ta nuna cewa sunayen sassan inji na aro ne, amma aikatau ɗin da ke bayyana aikinsu na Hausa ne tsantsa.

2.0 Daga Tanki zuwa Salansa

Famfo ne yake janyo mai daga tanki, ya bi da shi ta matata. A tsofaffin motoci, kafireto ke gauraya mai da iska. A sababbi kuwa, injekta ce take fesa shi. Ingantaccen gauri shi ne kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na fetur, bisa nauyi. Fistin yana zuƙo gaurin, ya matse shi, fulogi ya ƙyasta masa wuta, hayaƙi ya fice ta salansa.

Ƙaramar kwamfuta ce take ƙayyade yawan man da za a fesa da lokacin ƙyasta wuta. Tana karɓar bayani daga na'urori masu auna shigar iska da zafin inji da juyawarsa da matsayin totur. Ƙurar hunturu kan toshe matatar iska, gurɓataccen man bumburutu kuma ya toshe bakin injekta, sai ƙarfin mota ya ragu. Tun da aka janye tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, irin wannan matsala takan cinye ribar direba.

3.0 Harshen Gareji

Sunayen sassa sun bi tsarin sautin Hausa. A kalmar “fulogi”, an saƙala wasalin /u/ domin raba cunkoson baƙaƙe, aka kuma rufe ta da /i/. A fannin aikatau kuwa, faɗaɗa ma'ana aka yi: mota tana “shan” mai, tana “shaƙewa”, tana “mutuwa”, ana “tayar” da ita, ana “kashe” ta. Ita ma kwamfutar “ƙwaƙwalwa” ake ce mata. Wato Bahaushe ya ɗauki inji a matsayin jiki mai rai.

4.0 Kammalawa

Kafireto yana ja da baya, kalmominsa za su bi shi. Akwai buƙatar masu tsara ƙamus da keɓaɓɓun kalmomi su taskace harshen gareji daga bakin tsofaffin kanikawa tun suna raye, su kuma gina sababbin kalmomin fasaha a kan wannan hikima ta siffanta inji da jiki.