Adireshin Shafinka na Intanet, Sunan Wa Yake Ɗauke da Shi?

Ɗan kasuwa a Zango, ko kana sayar da hatsi ko kayan gini, idan ka sa yaro ya buɗe maka shafin intanet, akwai abin da ya kamata ka duba tun yau. Sau da yawa mai haɗa shafin da sunansa da imel ɗinsa yake yin rajistar adireshin. Ranar da kuka saɓa, ko ya koma Kano ya sauya lamba, adireshin da ka buga a allon shago da takardun rasit ya tafi da shi.

Binciken adireshin kyauta ne. Idan adireshin ya ƙare da .ng, hukumar NiRA ce ke kula da shi, kuma tana da wurin binciken adireshi da ake kira WHOIS. Idan .com ne, shiga ICANN Lookup ka rubuta adireshin. Za ka ga kamfanin da aka yi rajista ta hannunsa da ranar ƙarewar wa'adi. Wannan ranar ita ce abin tsoro, domin adireshi haya ne, yawanci shekara-shekara ake sabuntawa, in ya faɗi wani na iya saye.

Sunan mai shi akan ɓoye shi a binciken, don haka kada ka tsaya nan. Zauna da yaron cikin mutunci, ya buɗe asusun rajistar adireshin a gabanka. A sa sunan kasuwancinka yadda yake a takardar rajista ta CAC, da imel ɗinka, sannan ka sauya kalmar sirri da hannunka. Ranar sabuntawa kuwa, sa ta a wayarka wata guda kafin ta zo.