Kalma mai harafi biyu ta ci masa shekara guda

A makon jiya wani malamin sakandare ya shigo ofishina da kundin digirinsa na biyu a cikin leda, ya dire shi a kan tebur tun ba mu gama gaisawa ba. Dattijo ne mai iyali, furfura ta fara fito masa. Hutun karatu ya ɗauka ya koma jami'a saboda ƙarin girman da ya daɗe yana jira. An yi masa difens, mai jarrabawa na waje ya ƙi sa hannu. Ya ce alƙaluman da ke cikin jadawalin babi na huɗu daban, bayanin da ke ƙarƙashinsu daban. Har ya tambaya a gaban kowa ko da gaske an je makarantun an tattaro bayanan.

"Malam, wallahi da ƙafata na je," in ji shi. "Aji-aji na bi. Ko maki ɗaya ban ƙirƙira ba."

Na buɗe babin. Bincikensa a kan wata dabarar koyar da lissafi ne. Jadawali na farko ya nuna yara 60 ne suka faɗi gwajin farko, a na biyu suka koma 45. A ƙasa an rubuta *a decrease of 45*. Duk mai jin Turanci zai fahimci cewa an samu ragin yara 45, saura 15 ke nan. Abin da ya faru kuwa ragin 15 ne: ko dai *a decrease of 15*, ko *a decrease to 45*. Na juya shafi, haka. Na sake juyawa, haka. Har ƙarshen babin babu jadawalin da ya yarda da bayaninsa. Da ni ne a kujerar mai jarrabawar, ni ma ba zan sa hannu ba.

Na ce ya nuna mini kwafin da ya rubuta da kansa kafin a taɓa. Ya lalubo shi a WhatsApp. A nan ne raina ya ɓaci, domin a nasa rubutun *decrease to 45* ya sa, daidai. Wurare biyu ko uku ne kawai ya zame ya rubuta *decrease on*, sufabaiza ya zagaye su da jan biro, ya rubuta a gefe cewa a kai wa wani ya gyara Turancin. Sai bawan Allah ya ɗauka ya kai shagon bakin ƙofar jami'a, irin waɗanda ake buga takardu, a yi fotokwafi, a ɗaure kundi, an kuma liƙa takarda a bango cewa ana gyaran Turanci. Yaron shagon ya haddace cewa *decrease* da *of* take tafiya. Ya sa kwamfuta ta nemo duk inda kalmar ta fito, ta maye gurbin abin da ke bayanta da *of* a dannawa ɗaya. Haka ya yi wa *increase* ma, *increase in enrolment* ta koma *increase of enrolment*. Ya karɓi kuɗinsa, ya ɗaure kwafi-kwafi da baƙin bango da rubutun ruwan zinare.

Yanzu sunan malamin bai shiga zaman majalisar jami'a na wannan zangon ba. Zai sake biyan kuɗin rajista, ƙarin girman bana kuma ya wuce shi.

Na tausaya masa, amma ban ƙyale shi ba. Na ce, "Malam, da aka dawo maka da shi, ka karanta?" Ya sunkuyar da kai. "Na ɗauka ya fi ni sani." Mutumin da ya shekara ashirin yana duba littattafan yara da jan biro, nasa aikin bai duba ba.

Suna ɗaya a Turanci yana ɗaukar *preposition* fiye da ɗaya, kowacce da tata ma'anar. *In* tana nuna abin da ya ƙaru ko ya ragu, *of* tana nuna yawan ƙarin, *to* tana nuna inda aka tsaya. Duk wanda ya ce maka kalma kaza da kaza kaɗai take tafiya bai san aikin ba. Kada ka ba shi kundinka.

Ba ma a lissafi kaɗai ba. *Interest in the loan* sha'awar karɓar rance ce, *interest on the loan* kuwa kuɗin ruwa ne. Na ga wasiƙar ɗan kasuwa zuwa banki da ta haɗa su, mutumin da ko maganar ruwa ba ya son ji. *Demand for teachers* buƙatar malamai ce, *demands on teachers* nauyin da aka jibga musu. *Payment to the contractor* shi aka biya, *payment by the contractor* shi ya biya. A takardar yarjejeniya wannan ya isa ya kai mutane kotu.

Mu Hausawa kuma muna da namu ramin. Harshenmu da -n ko -r yake liƙa suna da suna: dalilin tafiya, amsar tambaya, makullin ƙofa, maganin zazzaɓi. Tun a firamare aka saba mana cewa wannan ita ce *of*, sai muka mayar da ita kamar Maggi, kowace miya a jefa. Shi ya sa kullum nake goge *reason of*, *answer of*, *key of*, *cure of*. Turanci *reason for* yake cewa, da *answer to*, da *key to*, da *cure for malaria*. Kuma kada ka nemi hujja. *Cause* da *reason* kusan abu ɗaya suke nufi, amma *cause of* ake cewa, a ce *reason for*. Haka masu harshen suka gada. Ɗalibi ya ce sai na gaya masa dalili, in ce masa ya fara gaya mini dalilin da ya sa muke cewa "jin ƙamshi" alhali da hanci ake shaƙa.

Sai ɗaya matsalar, wadda ta game Nijeriya baki ɗaya: a ɗauko kalmar da ke bin suna a liƙa wa aikatau. *A request for*, *emphasis on*, *a discussion about* duk daidai ne, amma *we request for*, *he emphasised on*, *they discussed about* ba su da gurbi a rubutun ilimi, ko da kullum kana jin su a bakin manya a talabijin. Marigayi Farfesa David Jowitt, wanda ya koyar a Jami'ar Bayero da ta Jos, ya tattara ire-iren waɗannan a littafinsa *Nigerian English Usage* na 1991. Abin da ake yi a hira daban. Mai jarrabawa ba hira ya zo yi ba.

Manhajojin gyaran rubutu ma kada ku miƙa musu wuya. *A decrease of 45* jimla ce lafiyayya a nahawu, ba za a ja mata jan layi ba, domin manhajar ba ta kwatanta ta da jadawalinka. Kai ne ka san 45 ɗin mece ce.

Maganin ba tsada. *Oxford Advanced Learner's Dictionary*, wanda A. S. Hornby ya fara fitarwa a 1948, yana nuna kalmar da ke bin kowane suna tare da misali, kuma kyauta ake buɗe shi a intanet. Matsalar ita ce mutane ma'anar farko kawai suke karantawa su rufe. A sauka ƙasa a karanta misalan. *Oxford Collocations Dictionary*, wanda ya fito a 2002, don wannan aikin aka yi shi. *English Grammar in Use* na Raymond Murphy yana da darasi sukutum a kan suna da kalmar da ke binsa. In ka koyi sabon suna, rubuta shi da jelarsa cikin cikakkiyar jimla: *access to clean water*, *damage to the roof*, *an effect on yield*.

Sufabaizoji kuma, don Allah, "je ka a gyara Turancin" ba umarni ba ne. A gyara a wajen wa? Ku faɗi suna, ko ku nuna kurakuran. Ku kuka san shagunan da ke bakin ƙofarku.

Wanda zai kawo mini kundi ya kawo shi da jadawalinsa, kada ya cire babi na huɗu ya ce in duba Turancin kawai. Idan na gama, a gabana za ka zauna ka karanta duk jimlar da ke ɗauke da lamba, yatsanka a kan jadawali. Wanda kuma zai kira ni da daddare ya ce gobe ne difens, ya nemi wani.