DARASIN FIƘIHU: Sallar Matafiyiya a Garin da Dare Ba Ya Yin Duhu

Godiya ta tabbata ga Allah (SWT) Mai jujjuya dare da yini yadda Ya so. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammad (SAW) da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, 'yan'uwana mata, darasinmu na wannan fitowa zai fara ne da kuskuren da ni kaina na yi, don kada wata ta maimaita shi. A watan Yunin 2024 na bi maigidana zuwa Sitokhom, babban birnin ƙasar Suwidin, domin ziyartar ƙaninsa da ke karatu a can, mu kuma buɗe ido na kwana shida. Ranar da muka sauka na yi Magariba bayan ƙarfe goma na dare, don a lokacin ne rana ta faɗi. Sai na zauna bakin gado ina jiran duhu ya shiga in yi Isha'i. Sha ɗaya ta yi, sha biyu ta wuce, sararin sama na nan da haskensa. Gajiyar hanya ta sa barci ya sace ni. Da na farka sai ga rana tarr a kan labule, na duba agogo, ƙarfe huɗu da 'yan mintoci. Isha'i ta wuce ni, Asuba ma ta wuce. Wallahi na ji kunyar kaina, ina karantar da babin lokutan sallah a Islamiyya amma ga shi na taho da akwati cike da kaya, ban tanadi sanin lokutan garin da zan je ba.

Yanzu mata da yawa suna bin mazajensu irin waɗannan ƙasashe, wata don yawon buɗe ido, wata asibiti, wata ziyarar 'ya'ya. Shi ya sa na ga ya dace mu zauna a kan wannan mas'ala.

ME YA SA DAREN CAN YA BAMBANTA DA NAMU?

Allah Ya halicci duniya a ɗan karkace, kimanin digiri 23 da rabi, tana kewaya rana a haka. Garuruwan da ke kusa da tsakiyar duniya ba su cika jin wannan karkata ba. Kano tana kan digiri 12 ne arewa, shi ya sa yininmu ba ya yin nisa da awa 12, rani da damina. Ita kuwa Sitokhom tana kan digiri 59. Makwabtanta Oslo ta Norwe da Kofanhagen ta Danmak su ma suna can sama, don haka hukuncin da za mu faɗa ya shafe su.

A ƙarshen watan Yuni rana na fitowa a Sitokhom wajen ƙarfe 3:30 na asuba, ta faɗi bayan ƙarfe 10 na dare, yini ya kai awa 18 da rabi ke nan. Ko ta faɗi ma ba ta yin nisa a ƙarƙashin ƙasa, sai jan shafaƙi ya ƙi ɓacewa har ya haɗe da hasken alfijir. A watan Disamba kuwa abin juyewa yake yi: rana ta fito wajen 8:45 na safe, ta faɗi kafin ƙarfe 3 na yamma, yinin awa 6 kacal.

MAS'ALAR BA SABUWA BA CE

A shekarar 921 Miladiyya Halifa Muƙtadir na Bagadaza ya tura tawaga zuwa ga sarkin Bulgar a bakin kogin Bolga, cikin ƙasar Rasha ta yau. Ahmad bin Fadlan yana cikinta, sun kuma isa a 922. A labarin tafiyar da ya rubuta ya ambaci gajartar daren wurin da yadda jan sama ba ya gushewa. Daga baya malaman Hanafiyya sun yi doguwar muhawara a kan Isha'in mutanen Bulgar, ko ta wajaba a kansu tunda alamarta ba ta bayyana. Maganar da mafi yawan malamai suka tsaya a kai ita ce salloli biyar ba sa raguwa a ko'ina cikin duniya.

Babbar hujjarsu ita ce hadisin Nawwas bin Sam'an (RA) da ke cikin Sahihu Muslim. Annabi (SAW) ya ba da labarin cewa a zamanin Dujal za a yi yini guda mai tsawon shekara. Sahabbai suka tambaya ko sallar yini ɗaya za ta ishe su a cikinsa. Ya nuna musu ba za ta isa ba, ya umarce su su ƙiyasta lokutan. Ke nan idan alama ta ɓace, sallah tana nan, lissafi ake komawa.

ABIN DA ZA KI YI

1. Sallar da alamarta ke bayyana, a lokacinta ake yin ta. Azahar, La'asar da Magariba duk suna da alama a Sitokhom shekara duka. Ba ya halatta ki ce za ki bi agogon gida ki yi Magariba ƙarfe bakwai alhali rana na sama.

2. Isha'i da Asuba a watannin hasken nan ƙiyasta su ake yi. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗatul Alamil Islami da ke Makka ta tattauna wannan a 1986, ta kasa garuruwan arewa kashi uku. Waɗanda ke tsakanin digiri 48 da 66, inda Sitokhom ta faɗo, ta ce su ƙiyasta waɗannan salloli biyu da wuri mafi kusa da alamomin ke bayyana sosai. Ke baƙuwa ba sai kin yi wannan lissafi da kanki ba. Ki karɓi jadawalin babban masallacin garin ki bi shi, ki kuma daidaita manhajar sallah ta wayarki da shi, don manhajoji suna saɓa wa juna ƙwarai a can.

3. Idan jiran Isha'i zai yi miki tsanani, Majalisar Fatawa ta Turai ta halatta haɗa Magariba da Isha'i a irin wannan lokaci. Sun dogara da hadisin Ibn Abbas (RA), shi ma a Sahihu Muslim, cewa Annabi (SAW) ya taɓa haɗa salloli a Madina ba tsoro ba ruwan sama, don kada ya ƙuntata wa al'ummarsa. Da na san haka a daren nan, da na haɗa su na kwanta, na saita ƙararrawa don Asuba. Amma sauƙi ne na mai buƙata, kada a mai da shi al'ada.

4. In kuwa lokacin sanyi kika je, hatsarin daban ne. Azahar, La'asar da Magariba suna shigowa ne cikin kimanin awa uku. Kina shiga kanti ɗaya ki fito, biyu sun wuce ki. Ki fita da alwalarki da 'yar darduma a jaka.

5. Wadda barci ko mantuwa ya sa sallah ta kuɓuce mata, ta rama da zarar ta farka ko ta tuna, a jere. Haka na yi, Isha'i tukuna sannan Asuba. Ba a jira sai lokacin irinta ya zagayo gobe.

ƘASARU DA AZUMI

A mazhabar Imam Malik matafiyi yana ƙasaru idan tafiyarsa ta kai mil 48, wato kilomita 80 da ɗoriya. Amma idan ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a wuri, ƙasaru ya yanke daga isarsa. Mu da muka yi niyyar kwana shida, mun yi ƙasaru a hanya, muka cika a Sitokhom. Mata da yawa suna zaton muddin ba su koma gida ba raka'a biyu ce, ko da wata guda za su yi. A gyara wannan.

Game da azumi, matafiyi yana da izinin sha ya rama, kamar yadda ya zo a Suratul Baƙara. Wadda ta zama mazauniya kuwa, tunda rana tana fitowa tana faɗuwa a garin, daga alfijir zuwa faɗuwar rana ne azuminta. A shekarun 2015 zuwa 2017 da Ramadan ya faɗo a watan Yuni, 'yan'uwanmu na can sun yi azumin kusan awa 20. Wadda ta ji za ta cutu ta sha, ta rama a gajerun ranaku.

ALƘIBLA BA KULLUM GABAS BA CE

Mu a nan mun saba cewa "fuskanci gabas" idan muna nufin alƙibla, har kalmomin biyu sun zama ɗaya a bakinmu. A Sitokhom Ka'aba tana kudu maso gabas ne, ta ma fi karkata kudu. Kada ki dubi inda rana ta ɓullo ki tayar da kabbara, musamman a Yuni da take fitowa ta arewa maso gabas.

ABINCI, TSARKI DA SUTURA

Naman alade ya yi yawa a abincinsu. Ki riƙe kalmomin nan uku na harshensu a jikin kwali: fläsk, gris da skinka, duk alade suke nufi. Ƙwallayen naman da suka yi suna da su, köttbullar, galibi ana gauraya naman sa da na alade a ciki. Alewoyi masu danƙo da yawa kuma akwai sinadarin jelatin a cikinsu. Kifi kuwa ga shi nan birjik, kuma akwai shagunan halal na Larabawa da Turkawa da Somaliyawa. Ruwan famfonsu ana sha.

Banɗakinsu babu buta, don haka ki ajiye 'yar gorar roba a jakarki. Shaguna da yawa ba sa karɓar tsabar kuɗi sai kati, ku tanada tun daga gida. Na yi yawo da hijabina kwana shida ba wanda ya tare ni, na kuma ga masu hijabi a jirgin ƙasa da kantuna. Sai dai mai niƙabi ta sani Danmak ta hana rufe fuska a bainar jama'a tun 2018. A binciki dokar kowace ƙasa kafin a sayi tikiti. Batun muharrami kuma yana nan daram, ki tafi da mijinki ko wanda aure ya haramta tsakaninku.

ABIN DA IDO YA GANI

An gina Sitokhom a kan tsibirai 14 da gadoji suka haɗa. Babban masallacinta yana tsibirin Södermalm, kusa da tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Medborgarplatsen. Asalinsa tashar wutar lantarki ce da aka gina a 1903, aka mai da ita masallaci a shekarar 2000 da taimakon Shaihu Zayid na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Akwai sashen mata, a nan na samu jadawalin da ya warware mini matsalata. A ƙofar wannan masallaci ne wani ya ƙona Alƙur'ani ranar Babbar Sallah, 28 ga Yunin 2023, abin da ya girgiza Musulmin duniya. Na tsaya a wurin zuciyata ta yi nauyi, amma da na shiga na tarar da sahu cike da masu sallah sai na ji sanyi.

A gidan tarihin ƙasar na ga dirhamai na azurfa masu rubutun Larabci, waɗanda fataken Bikin, kakannin mutanen yankin, suka kawo daga ƙasashen Musulmi fiye da shekara dubu da suka wuce. An tono dubun-dubatarsu a Suwidin. A 1999 kaɗai an gano taska guda a tsibirin Gotland mai tsabar kuɗi sama da 14,000, mafi yawansu na daulolin Musulunci. Kalmar shahada ta isa can a jikin kuɗi tun kafin a yi tunanin jirgin sama.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne jirgin ruwan Vasa. Sarki Gustab Adolf na biyu ne ya sa aka ƙera shi, da igwa 64 da gumakan ado ɗaruruwa. Kafin a sake shi an sa mutum 30 su yi ta gudu daga gefe zuwa gefe don gwaji, aka tsayar da su bayan zagaye uku don jirgin na neman kifewa, amma aka yi shiru. Ranar 10 ga Agustan 1628 ya tashi, bai wuce tafiyar mita 1,300 ba iska ta karkata shi, ruwa ya shiga ta tagogin igwa, ya nutse da rayuka kusan 30. Sai a 1961 aka ɗago shi, bayan shekara 333. Samansa ya yi nauyi, gindinsa bai samu isassun duwatsun da za su riƙe shi ba. Ina tsaye a gabansa na tuna akwatina da daren farko. Na shirya atamfa da takalmi da tsaraba, na bar abin da zai riƙe tafiyar.

AIKIN GIDA

'Yar'uwa, kafin kowace tafiya, ko Abuja ce ko Turai, ki amsa waɗannan: Kwana nawa na yi niyya, ƙasaru zan yi ko cikawa? Ƙarfe nawa ne lokutan sallar garin a wannan wata? Ina alƙibla? Ina masallaci mafi kusa da masaukina? Me zan ci? Ki zauna da maigida ku duba tare, abin da ya shige muku duhu ku tambayi malami tun kuna gida.

Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare ni ne, ina neman gafararSa. Allah Ya tsare mana sallolinmu a gida da daji, Ya kai matafiyanmu lafiya Ya dawo da su lafiya. A fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu, za mu duba alwala da taimama a cikin jirgin sama. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.